Na'urar Baba Anselmo da Tattalin Batir Irin Namu

Wanda ya yi min hanyar aikin nan wani ɗan Unguwar Dosa ne da muka yi firamare tare, sunansa Ɗanlami. Shi ya ce in na sauka a tashar jirgin ƙasa ta wani babban birni a arewacin Italiya, zan tarar da shi a bakin ƙofa yana jirana. Na sauka da hantsi, na tsaya a bakin ƙofar nan har la'asar ta gota. Ɗanlami bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Can da ya ga dama ya kunna, sai ya turo min saƙo: aikin gyaran injin da ya yi min alkawari a birni ya bai wa ƙanin matarsa, amma akwai wani gidan baƙi a kan duwatsu da ke neman ma'aikaci, takardata ta izinin aiki za ta yi amfani a can. Ya rubuto sunan ƙauyen da lambar mota, ya rufe da, "Allah ya ba da sa'a, mutumina." Har yau in wani ya ce min mutumina sai na ƙara gyara tsayuwa.

Sunana Tasi'u. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran janareta da haɗa sola a wani shago bayan tashar Kawo, sannan na bar matata Rabi da yara biyu a gidanmu na Malali na taho aikin wata shida. Maganar juyawa gida ba ta taso ba. Da wane ido zan kalli mutanen da suka yi min rakiya har tashar jirgin Rigasa? Wani ɗan Senegal mai sayar da lema a bakin tashar ne ya ga na ja gefe na yi salla, ya kai ni ɗakinsu na kwana. Washegari na shiga motar duwatsu sanye da jaket ɗin da na saya a gwanjo, wadda mai sayarwar ya rantse min ko a cikin firji na shiga da ita sai na yi gumi. Ƙarya ya yi, Allah ya yafe masa.

Awa huɗu motar tana hawa. Kunnuwana suka toshe, gidaje suka yi ta raguwa, har aka zo inda ba ka ganin komai sai fari, daga ƙasa har inda ido ya tsaya. Ni da dutsen da na sani mafi tsayi shi ne Kufena, shi ma daga cikin mota nake hangensa in za mu Zariya. Wata tsohuwa da ke gefena ta ga ina cusa hannuwana a hammata. Ta kamo su ta duba, ta girgiza kai, ta buɗe jaka ta ciro safar hannu ta maza ta miƙo min. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta sauka a wani ƙauye kafin nawa, ban ko san sunanta ba.

Ƙauyen da aka tura ni bai kai gida talatin ba. Abin da ya fara ba ni tsoro ma ba sanyin ba ne, shirun ne. A Kawo ko ba ka so sai ka ji hon, ka ji kwandasta yana kiran Zariya Kano, ka ji janaretan maƙwabci. A can kuwa in dusar ƙanƙara tana sauka, ko motsinta ba ka ji. Sai in tsaya a bakin ƙofa ina jin bugun zuciyata. In ka gai da mutum ya amsa da kalma ɗaya ya wuce, ba ina gajiya, ba ina iyali. Satin farko na yi kewar gida har abinci ya daina shiga.

Gidan baƙin na wani dattijo ne, Anselmo, mai kimanin shekara saba'in, wanda na laƙaba wa Baba tun ranar farko. 'Yarsa Marta ce ke tafiyar da gidan, ita ce kuma mai jin Turanci, don haka duk maganata da shi ta bakinta take bi. Sana'ar Baba ita ce jagora. Mutane suna tasowa daga birane masu nisa, su ɗaura wasu dogayen alluna a ƙafa, su hau kujerun da ke rataye a jikin waya, waya ta ja su har ƙolin dutse, sannan su zamo su sauko. Shi ke nuna musu inda za su bi.

Kwana uku ina kallon abin nan, na kasa haƙuri.

"Marta, tambayar min Baba, in sun sauko me suke samu a ƙasan?"

Ta tambaye shi. Ya ce, "Ba komai. Sai su sake hawa."

"To hawan na mene ne?"

"Don su sauko."

Na ce lalle in ka daɗe a duniya ka ga abin mamaki. Marta ta ƙara min da cewa akwai manyan wurare masu otal-otal da kiɗa, amma masu zuwa wurinsu ba hayaniya suke nema ba. Abin da suke bi shi ne sabuwar ƙanƙara da ta sauka ba wanda ya taka, mai laushi kamar garin filawa. Domin ta mutum zai bar aikinsa ya yi tuƙin awa biyar. In aka wayi gari ta zuba, Baba da furfurarsa sai ka gan shi yana rawar jiki, ko shayinsa ba ya ƙarasa sha.

Wata rana ya matsa sai na gwada. Ya ɗaura min allunan a wani ɗan gangare bayan gida, ya tura ni. Na yi tafiyar da ba ta fi daga shagonmu zuwa bakin titi ba, ba ƙara, ba gargada, ƙanƙara tana tashi tana shafar gwiwoyina. Gaskiya na ji wani daɗi da ban san da shi ba. Kafin in gama jin daɗin na kifa, na nutse har ƙirji, ƙafafu a sama. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zo ya ciro ni ya karkaɗe min baya. Tun daga ranar in na fito da safe sai in tarar ya ajiye min burodi mai ɗumi da cuku a kan tebur. A duk ƙauyen shi ya fara kirana da sunana, ko da yake Tasi yake iya cewa.

Aikina shi ne shanya takalman baƙi, goge alluna, taimako a kicin, da kula da wasu 'yan na'urori da ba su fi tafin hannu ba. Kowa zai hau dutse sai ya rataya ɗaya a ƙirjinsa. Marta ta zaunar da ni ta yi min bayani sosai. Ta ce ƙanƙarar nan mai laushi da suke so, ita ce kuma wani lokaci take zaftarowa daga dutse gaba ɗaya ta binne mutum. In hakan ta faru, na'urar da ke jikinsa tana aika alama daga ƙasa, sauran sai su juya nasu su saurara, ta kai su daidai inda yake. Wanda aka binne kuwa, in aka wuce kamar kwata na awa ba a tono shi ba, sai wani ikon Allah. Na ji, na kuma gane. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce jahilci ne ya sa ni abin da na yi.

Abin da na kasa ganewa shi ne yadda suke yi da batir. Da zarar ya sauka kusa da rabi, Marta ta ce a cire a sa sabo. Batir da ransa! Ni da na tashi a gidan tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda in ya shigo ya ga fitila a kunne a ɗakin da ba kowa sai ranka ya ɓaci. A wurinmu in wuta ta zo kowa ya ruga ya jona waya, in an ɗauke a rage hasken fuskarta, a kashe rediyo sai lokacin labarai. A shagona ma, duk abin da na gani a kunne ba ya aiki, hannuna ne ke kai masa kafin in yi tunani. Sabo turken wawa.

A wata na uku da zuwana aka yi kwana uku ƙanƙara tana zuba ba tsayawa, a na huɗu gari ya waye tas. Baba da Marta suka fita da baƙi huɗu tun da safe, suka dawo cin abincin rana fuskokinsu jawur, suna ta surutu. Suwaitar Baba ta jiƙe, don haka ya cire na'urarsa ya rataye a ƙusa kusa da murhu, ya tafi canza riga. Na zo wucewa da tire a hannu, sai na ga 'yar koriyar fitilarta tana ƙiftawa. Na ce a raina, mutum yana cikin ɗaki zai ci taliya, wa zai binne shi a nan? Na sa yatsa na murɗa makunnin. Niyyata da sun gama cin abinci in mayar.

Na je ɗakin takalma na yi azahar. Ina sallamewa Rabi ta kira ni ta bidiyo, wai in ga haƙorin Ummi ya fita. Yarinyar ta yi ta wangale min baki, ƙaninta yana ƙwace wayar, Rabi tana cewa, "Abban Ummi, ka rame fa, anya kana cin abinci?" Na manta da inda nake. Da na fito falo, baƙi suna zaune suna shan gahawa, ƙusar kuma ba komai a jikinta.

Na tambayi ɗaya daga cikin baƙin ina Baba. Ya ce shi da Marta sun koma su yi sauka ɗaya su biyu kafin rana ta ɓata ƙanƙarar.

Na kira wayar Marta, sai ga ta tana ringin a kan teburin karɓar baƙi. Na fita da gudu ba ko hula. Mai kula da kujerun waya ya san ban taɓa yarda na hau abin nan ba, ya tsaya yana kallona na faɗa kan kujera. Ina sama, ƙafafuna suna reto, ina faɗa wa kaina wataƙila Baba ya duba ya kunna, ai dattijo ne da ya san aikinsa. In ma bai duba ba, wata uku ina garin ban ga abin da ya zaftaro ba, yau ne zai fara?

Na yi kamar rabin hanya na hango su a gangaren hagu. Marta ta riga ta sauka ta tsaya a gefe, Baba yana tahowa da jar hularsa, yana karkata dama da hagu, farin gari yana tashi a bayansa. Na ƙwalla masa kira, muryata ba ta je ko'ina ba. Sai na ji wani sauti mai nauyi, kamar an jefar da buhun siminti daga bene. A saman Baba dutsen ya tsage, fari ya rabu da fari, gangaren gaba ɗaya ya taho.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita kaɗai bakina ya iya. Na ga jar hular ta ɓace, ta fito, ta sake ɓacewa a ƙasa da wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai. Daga nan komai ya tsaya, shirun ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Akwai inda kujerar ke wucewa kusa da ƙasa, tsayin bai fi katangar gida biyu ba. Na ɗaga ƙarfen na diro, na nutse har wuya, na yi ta iyo da hannu da gwiwa. Da na isa, ƙanƙarar da ta zaftaro ba irin mai laushin nan ba ce, ta dunƙule ta yi tauri. Marta tana tafe a kanta da sauri, na'urarta a tafin hannu, tana juyawa nan da can. Wasu maza biyu 'yan ƙauyen sun iso a kan alluna, su ma sun fito da nasu. Na'ura uku, ba wadda ta yi ko ƙis.

Na tsaya. Wannan ita ce gaɓar da nake jin kunyar faɗa, amma sai na faɗa. Na san abin da ya sa ba su ji komai ba, ni kaɗai na sani a duk faɗin dutsen, kuma na yi shiru. Na tuna ni kaɗai ne baƙar fata a ƙauyen. Na hango kaina a kurkukun ƙasar da ban iya yarenta ba, na hango Rabi ana gaya mata. Wani abu a raina yana cewa, ba wanda ya gan ka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Na san dai ina tsaye lafiyata ƙalau, mutumin da ke ajiye min burodi yana ƙarƙashin ƙafafunmu numfashinsa yana ƙarewa.

Marta ta yi wa mazan magana da ƙarfi tana nuna can ƙasan kwari. Na gane tana nufin ƙanƙarar ta tafi da shi nesa, shi ya sa ba su kama alamar ba. Suka juya za su gangara, su bar bishiyar a bayansu.

"Marta!"

Ta waiwayo.

"Ba za ki ji shi ba. A kashe take. Ni na kashe ta, lokacin cin abinci."

Kallon da ta yi min ba zan manta da shi ba har in mutu. Ba ta zage ni ba, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta cusa na'urar a aljihu ta ce, "Ka ga inda ya shige?"

"Ƙasa da bishiyar can."

Suka zaro dogayen sanduna na ƙarfe da ake harhaɗawa, aka miƙa min ɗaya, muka jeru kafaɗa da kafaɗa. Ka caka, ka zare, ka yi taku ɗaya, ka sake cakawa. Ina caka ina salati. Kowane taku sai in ji kamar shekara. A layi na uku sandar ɗaya daga cikin mazan ta tsaya a kan wani abu mai taushi, ya yi ihu. Muka faɗa wa wurin da shebur. Ban taɓa haƙa irin ta ranar ba, safar hannuna ta yage ban sani ba. Muka fara cin karo da gwiwar hannunsa, ya tokare ta a gaban fuskarsa, ita ta bar masa ɗan sarari. Marta ta sa yatsu ta kwashe ƙanƙarar da ke bakinsa. Leɓɓansa sun yi shuɗi, idonsa a rufe. Ta yi ta kiran sa tana hura masa iska. Can sai ya yi wani irin tari.

Na yi hamdala. Jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi, ƙafarsa ta dama a karye wuri biyu.

Kwana biyu Marta ba ta ce min uffan ba. A na uku ta ce in shirya, 'yan sanda za su je asibiti su ji ta bakin mahaifinta, domin masu ceto sun tarar da na'urarsa a kashe. Mazan nan biyu ba sa jin Turanci, ba su san abin da na faɗa a kan dutse ba, sai ita. Na haɗa jakata tsaf na ajiye a kan gado, na rubuta lambar Rabi a takarda na ɗora a kai. Muka shiga mota muka nufi asibitin.

Baba yana kwance, an rataye ƙafar, ya tsufa a kwana uku. Ɗan sandan ya zauna a gefensa da littafi, ya yi masa magana cikin girmamawa, da alama ya san shi. A lokacin na fara tsintar yarensu kaɗan-kaɗan, na ji ya ambaci na'ura. Na matsa gaba na buɗe baki, sai Baba ya ɗaga min hannu. Ya yi magana a hankali, jimla biyu ko uku. Ɗan sandan ya ɗago ya dube shi, ya sake tambaya, Baba ya maimaita. Marta ta juya ta fuskanci taga.

Da ɗan sandan ya fita na ce, "Marta, don Allah me ya ce?"

Ba ta juyo ba. "Ya ce shi ya kashe ta da zai canza riga, ya manta bai kunna ba. Ya ce tunda ya kai shekarun mantuwa, ya ajiye aikin jagora daga yau."

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kai mutane dutsen nan yana dawo da su, wanda rabin matasan kwarin a hannunsa suka koya, yanzu za a ce tsufa ya sa ya fita da matacciyar na'ura. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Baba, wallahi ba zan yarda ba. A kira shi ya dawo. Ni na yi, ni zan ɗauka."

Marta ta fassara masa, ta kuma ƙara nata, na ji tana ta maimaita kalmar da ke nufin suna. Ya saurare mu duka biyu. Sannan ya yi magana, ya ce ta faɗa min kamar yadda ya faɗa.

"Ya ce kai ka kashe, amma shi ya rataya a ƙirjinsa ya fita bai duba ba, kuma shi ne jagora, ba kai ba. Ya ce ƙafar nan ko ta warke ba za ta koma dutse ba, to me zai yi da sunan? Kai kuwa kana da yara biyu." Ta ƙara da cewa, "Ya ce na gaya masa za mu gangara kwari ka tsayar da mu. Ya ce wannan ya ishe shi."

Na so in gaya masa kafin in tsayar da su sai da na yi shiru. Na ɗaga kai na dubi Marta, na ga ta san da shirun, ta gan ni a tsaye a ranar, kuma ba ta gaya masa ba.

Na fita na zauna a ƙasa a barandar asibitin, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina. Ma'aikata suna wucewa suna kauce min. An jima Marta ta fito ta tsaya a kaina, idonta jawur, makullin mota a hannunta.

"Ni ban yafe maka ba tukuna," ta ce. "Tashi mu tafi, baƙi suna jiran abinci."